Babi na Bakwai: Wa Zan Faɗa Wa?

A babin da ya gabata mun tsaya a ranar da mashayi ya ce wa kansa ya gaji. Wannan rana tana riskar mutane da yawa, fiye da yadda masu zaginsu suke zato. Wahalar tana farawa ne washegari, in ya duba gabas ya duba yamma yana neman wanda zai faɗa wa. A gari irin Tignère, samun wannan mutum ɗaya ya fi komai tsauri a tafiyar.

Tignère ce hedkwatar gundumar Faro-et-Déo a jihar Adamawa ta Kamaru, yamma da Ngaundere da tafiyar fiye da kilomita 100. Ta nan ake bi zuwa Galim da Mayo Baleo da Konca, har a dangana da iyakar Najeriya. Garin shanu ne, garin Lamiɗo da fadarsa, inda Fulani da Hausawa da Nyem-Nyem da Pere da ma'aikatan gwamnati 'yan kudu suke cin kasuwa ɗaya, Fulatanci yana haɗa su. Kowa ya san babur ɗin kowa. In aka ga naka a ƙofar wani gida sau biyu, kafin la'asar labari ya isa kunnen surukanka.

Giya kuma akwai ta, kamar ko'ina a arewacin Kamaru. Akwai bil-bil, burkutun dawa da mata ke dafawa a sha a ƙwarya. Akwai arki mai kaifi, na haɗin gida, wanda in an yi sakaci wajen tace shi yakan makantar ko ya kashe. Akwai ta kwalba, ta kamfanin Boissons du Cameroun mai masana'anta a Garwa. Amma wadda ta sauya al'amarin ita ce wuskin leda, irin su Kitoko da Fighter, na sefa 50 ko 100. Leda tana shiga aljihun riga, ba ta ƙara, ba ta neman mashaya ko abokin sha. Saurayi ya tsotse biyu a bayan shago, ya tauna citta ko kanumfari, ya hau babur ya ci gaba da ɗaukar fasinja, wani lokaci har da taramol a sama. A watan Satumba na 2014 gwamnatin Kamaru ta haramta wannan leda, ta ba kamfanoni shekara 2 su ƙarar da hajarsu. Daga nan aka yi ta ɗaga wa'adi, ledar kuwa ba ta bar teburan masu kanti ba. A Najeriya ma hukumar NAFDAC ta fara aiwatar da irin wannan haramci a Fabrairun 2024, aka yi ta ja-in-ja da masu masana'antu.

Ina so mai karatu ya bambance mashaya iri biyu, don ciwonsu ɗaya ne amma abin da ke tare musu hanya daban. Na farko shi ne mai zaman kabare, wato gidan bil-bil. Shi ba ya ɓoyewa. A nan yake jin labarin gari, a nan ake ɗaukarsa ƙodago, a nan yake samun rancen kai yaro asibiti. Ranar da ya daina sha ya rasa majalisarsa, abokai su ce ya fara yi musu girman kai. Na biyu shi ne Musulmin da ke sha a ɓoye. Yana sahun gaba a masallaci, mahaifinsa mutumin kirki ne sananne, matarsa ta sani ta haɗiye don gudun abin faɗa. Kafin ya nemi taimako sai ya furta abin da ya yi shekaru yana rantsuwa ba ya yi. Na farko kaɗaici yana jiransa a gaba, na biyu yana cikinsa tuntuni. Abin da zai riƙe su duka shi ne zama da mutanen da suka san hanyar don sun bi ta da ƙafarsu.

Sai dai kafin a yi maganar zama, a fara da asibiti. Wanda ya daɗe yana sha kullum, har sai ya kurɓa da safe hannunsa ke daina rawa, kada ya yanke sha dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Giya tana danne ƙwaƙwalwa, ita kuma ta saba da ture wannan nauyi, in aka ɗauke shi farat ɗaya sai ta zabura. Awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe ake fara karkarwa da zufa da amai da rashin barci. A kwana biyun farko wasu sukan faɗi suna jijjiga kamar masu farfaɗiya. Tsakanin kwana na biyu da na huɗu kaɗan daga ciki sukan rikice, su yi ta sambatu da gane-gane, suna ganin macizai ko ƙwari a bango, zazzaɓi ya rufe su. Wannan mataki yana kisa. A daidai nan ne mutanenmu ke cewa iskoki sun taɓa shi, a wuce da shi wajen mai ruƙiyya ko boka, a bar asibitin gunduma a baya. Addu'a ba ta hana magani, maganin kuma sananne ne mai arha: diyazefam na 'yan kwanaki a hannun ma'aikacin lafiya, da ruwa, da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Tunda an je, a gwada jini don ciwon hanta nau'in B, domin yana da yawa a arewacin Kamaru, hantar da ƙwayar cuta ke ci giya kuma na ci ba ta daɗewa.

Akwai hanyar da iyaye ke bi in sun gaji, wato gidan mari. A Satumba 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Cikin makonni kaɗan aka gano irinsa a Daura da Katsina. Ba na ganin laifin uwar da ta kai ɗanta can, ta rasa ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ne. Amma sarƙa tana raba mutum da giya na wasu watanni kawai. Ba ta koya masa yadda zai wuce teburin mai leda da kuɗi a aljihu.

Wannan darasi a wajen tsohon mashayi ake koyonsa. A watan Mayu na 1935 wani dillalin hannun jari daga New York, Bill Wilson, ya je garin Akron na jihar Ohio a Amurka kan wata harka, harkar ta rushe. Yana da 'yan watanni da barin giya. Ya tsinci kansa a zauren otal, mashaya tana gefe, ransa yana janyo shi. Sai ya shiga buga waya yana neman wani mashayi da zai yi magana da shi, aka haɗa shi da wani likitan fiɗa, Bob Smith, wanda giya ta kusa raba shi da sana'arsa. Likitan ya ce minti 15 zai bayar. Suka kwashe wajen awa 6. Abin da ya sa ya zauna shi ne baƙon bai zo yi masa wa'azi ba, ya gaya masa a fili cewa don ceton kansa ya zo, shi ke bukatar mai saurare. Ranar 10 ga Yuni na wannan shekara ce ƙungiyar Alcoholics Anonymous take ƙirgawa a matsayin ranar da likitan ya yi kurɓar ƙarshe, kuma ranar kafuwarta. Kafin littafinsu ya fito a 1939 ba su fi mutum 100 ba.

Wani zai ce hira ce kawai, ina magani a ciki? A 2020 cibiyar Cochrane, wadda aikinta tattara binciken likitanci ta tace shi, ta fitar da nazarin John Kelly da Keith Humphreys da Marica Ferri a kan bincike 27 da suka shafi mutum 10,565. Suka ga cewa cikin waɗanda aka bi tsari aka haɗa su da irin wannan zama, kashi 42 cikin ɗari sun cika shekara ba su kurɓa ba, a kan kashi 35 na waɗanda aka yi wa wasu nau'o'in jinyar ta tattaunawa da ƙwararru. Akasarin binciken a Amurka aka yi shi, kuma ko a can fiye da rabi sun zame kafin shekara ta zagayo. Duk da haka, abin da ba a biyan ko sisi ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da aikin ƙwararru, har ya ɗan wuce. Ita ma jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya mai suna mhGAP, wadda aka rubuta don ma'aikatan lafiya a wuraren da babu likitan ƙwaƙwalwa, tana umartar su da su haɗa mashayi da ƙungiyoyin taimakon juna.

To daga Tignère ina za a same su? Ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta shigo Afirka ta Kudu tun 1946, amma a nahiyarmu tarukanta a manyan birane suka taru. Tun annobar korona a 2020 dubban taruka suka koma intanet, da Faransanci da Turanci, dare da rana. Mai waya ya nemi Alcooliques Anonymes zai samu, ya shiga ba tare da ya buɗe kyamara ko ya faɗi sunan gidansu ba. Wannan ya dace da malamin makaranta ko jandarma ko malamin jinya da aka turo daga kudu. Makiyayi da mahauci da ɗan acaɓa, waɗanda baƙin cikinsu da Fulatanci ko Hausa yake fita, ba zai kai su nesa ba, ga matsalar wuta da sabis. Coci ma ƙofa ce. Ƙungiyar Croix-Bleue, wadda Fasto Louis-Lucien Rochat ya kafa a Janeba a 1877, ta bi majami'u ta shiga ƙasashen Afirka masu Faransanci har da Chadi. Ikilisiyar Lutheran, mai hedkwata da babban asibiti a Ngaundere, ta daɗe tana zaune da jama'ar da bil-bil ke cikin al'adarsu. Musulmi ba zai ragu da komai ba in ya tambayi fasto yadda suke yi da nasu.

Amma ƙofar da ta fi kusa, a ganina, ita ce ta malamin jinyar da ya ba ka maganin karkarwa. Shi ya san waɗanda suka zo masa da irin rawar hannunka, ya san wanda ya shekara bai koma ba. Amanar aiki ta hana shi faɗin suna, ba ta hana shi kai saƙo ba. Ka ce masa: "Likita, in akwai wani bawan Allah da ya bar sha, ka tambaye shi ko zai yarda mu gana." In wancan ya amsa, an samu mutum biyu. Da mutum biyu aka fara a Akron.

A nan ne malamai suke kawo hujja mai nauyi, kuma ba za a tsallake ta ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kashedi game da mutumin da zai yi saɓo da dare, Allah ya rufa masa asiri, gari ya waye ya bi mutane yana ba su labari. To yaya Musulmi zai zauna gaban mutane ya ce shi mashayi ne? Amsata ita ce a dubi halin mai maganar. Wanda aka yi kashedi da shi yana yayata saɓo ne ba kunya ba nadama. Wanda ya zo zaman nan da ƙyar maganar ke fita daga bakinsa, yana faɗa ne ga mutum biyu ko uku da suka ɗauki alkawarin riƙe amana, don neman hanyar fita, kamar yadda majinyaci ke buɗe wa likita abin da ba ya buɗe wa kowa. Wannan hujja ta malamai ma ita ce ya kamata ta zama dokar zaman: ba a ambaton sunan wani, ba a ba da labarin maye ana dariya ana marmari, abin da aka ji a ɗakin kuma a ɗakin yake kwana.

Akwai kuma abin da ba a cika karanta mana a kan mumbari ba. Bukhari ya kawo labarin wani sahabi mai suna Abdullahi, mai barkwanci, wanda yakan sa Annabi dariya. An sha kawo shi ana yi masa haddi saboda giya. Wata rana wani ya tsine masa don yawan kawo shi da ake yi, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Mutum ne da ya zame ba sau ɗaya ba, aka hukunta shi, amma ba a kore shi daga majalisa ba. A dubi kuma yadda haramcin ya zo, daki-daki, daga aya ta 219 a Baƙara zuwa ta 43 a Nisa'i zuwa ta 90 a Ma'ida. Nana A'isha ta bayyana cewa da hanin aka fara saukarwa kafin imani ya zauna a zukata, da mutane sun ce ba za su bari ba. Ranar da hukuncin ƙarshe ya sauka, Anas ɗan Malik yana shayar da mutane a gidan Abu Ɗalha, aka ce ya fita ya zubar, giya ta kwarara a lungunan Madina. Tare suka bar ta, kowa yana ganin maƙwabcinsa yana tuntsurar da tulu. Mu kuwa muna so yaronmu ya bar ta shi kaɗai, a ɓoye, cikin dare, ba wanda ya sani balle ya ƙarfafa shi. Musulmin Baltimore a Amurka sun lura da wannan giɓi, a 1989 suka kafa Millati Islami, suka ɗauki tsarin matakai 12 na Alcoholics Anonymous suka gina shi a kan tauhidi da tuba da salla.

Yadda za a tsara zaman ya danganta da garin, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Tignère wurin ya kasance inda ganin mutum ba ya bukatar bayani: shagon tela bayan isha'i, bakin garka, bencin asibiti bayan an tashi aiki. Maza uku da butar shayi ba sa ɗaukar idon kowa. Rana ɗaya a mako, lokaci ɗaya, ko da mutum biyu ne suka zo, ko da ana ruwa. Kowa ya yi magana a kan kansa, ba mai katse shi, ba mai yi masa wa'azi. Ba shugaba na dindindin. Kuɗi ba ya shiga sai na sukari da ganyen shayi, kuma ina jan kunne ƙwarai a kan rance, don bashi tsakanin mutum biyu yakan kori ɗayansu daga zaman cikin mako guda. Muƙami a bar shi a bakin ƙofa tare da takalmi. Ɗan fada mai kwana 9 da bari yana iya zama ɗalibin mahauci mai shekara 3, ya ce masa: "Yaya, daren jiya da ƙyar na kai asuba. Kai yaya ka yi a watanka na farko?"

Akwai abin da littattafan Turawa ba za su faɗa maka ba. A ƙasar da ake renon yaro da kunya da pulaku, ɗa ba zai buɗe baki gaban mahaifinsa ko baffansa ba, suruki kuwa ko abinci ba a ci a gabansa balle a yi wannan magana. In irin waɗannan suka haɗu a zama ɗaya, shiru za a yi har a tashi. A raba su, ko da kowane zama zai koma mutum biyu. Haka mata. Matar da ke sha ta fi kowa ɓuya, don abin da za a yafe wa namiji ita aurenta zai ci. Zamanta da mata 'yan'uwanta ne, kuma ungozoma ko malamar jinya ta awon ciki ita ce za ta iya haɗa su ba tare da an ji ba.

Matar mashayi ma tana bukatar nata wurin. Lois, matar Bill Wilson, tana cikin waɗanda suka kafa Al-Anon a 1951 don iyalan mashaya. A Zagreb kuma, a 1964, likitan ƙwaƙwalwa Vladimir Hudolin ya fara kulob-kulob da mashayi ke zuwa tare da iyalinsa mako-mako, in gidaje suka wuce 12 a raba biyu, tsarin ya bazu a Italiya daga 1979. Ina ganin tunanin Hudolin ya fi kusa da rayuwarmu, inda ciwon mutum ɗaya ciwon gida ne. Matan da ke haɗuwa don adashi sun riga sun san wace ce mijinta ke shigowa yana tangaɗi. In wata ta ji tsoron kada maganarta ta zama giba, Imam Nawawi ya lissafa wurare 6 da ambaton aibin mutum ya halatta, ciki har da neman taimako don kawar da ɓarna da neman fatawa, kamar yadda Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar rowar mijinta Abu Sufyan gaban Annabi. Masu dafa bil-bil kuma kada a mai da su abokan gaba. Da yawansu da wannan tukunya suke biyan kuɗin makaranta, wasunsu kuma a gida suke da mashayin da ya fi ƙarfinsu.

Za a zame. A sa wannan a lissafi tun ranar farko, a yarda cewa wanda ya zame wurinsa yana nan, za a tambaye shi abin da ya faru kafin kurɓar, a koma ƙirga daga kwana ɗaya. In ya yi kwanaki yana sha da yawa, a raka shi asibiti kafin ya sake yankewa. Ranakun haɗari kuma sanannu ne: ƙarshen wata ga mai albashi, ranar kasuwa ga wanda ya sayar da sa, daren biki, da yinin da aka yi faɗa a gida. Kowa ya faɗi nasa a zaman da ya gabata, a shirya masa. Mai sayar da sa ya tafi kara da ɗan'uwansa na zama, kuɗin ya kwana a hannun uwargida ko a asusun waya. Mai albashi ya san lambar da zai kira kafin ya bar wurin biya, wanda za a kira ɗin kuma ya tabbata wayarsa tana da caji a wannan yammaci.